Ɗahiru, Wanzamin Asibitin Birni

Duk wanda ya tashi a Mandawari ya san gidan wanzamai, mai dogon zaure, wanda ke jikin masallacin lungu. A nan aka haifi Ɗahiru, ɗan fari a wurin Malam Ɗantani wanzami da matarsa 'Yardada. Malam Ɗantani dogo ne siriri, marar yawan magana, ga hannu tsayayye wanda ba a taɓa ganin ya yi rawa ba. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke cire wa jarirai beli, shi ke yi wa yaran unguwa kaciya in sanyi ya shigo. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Ɗahiru ya taso yana rataye da zabira a bayan uban, kuma kafin gemu ya tsiro masa har attajiran kasuwar Kurmi sun fara cewa, "In Malam ba ya kusa, turo mana yaron, hannunsa ba nauyi."

A lokacin asibitin birni na Ƙofar Mata ya daɗe da kafuwa. Tun zamanin Turawa hukumar En'e ta gina shi da 'yan gadaje kaɗan, aka yi ta ƙara masa ɗakuna a hankali. Duk da haka tsofaffin cikin gari ba su saki jiki da shi ba. In aka ce an kai wane asibiti, sai ka ji mata sun ɗauki salati kamar an aiko da rasuwa. Malam Ɗantani kuwa ko hanya ta bi da shi ta wurin, ta ɓangaren marina yake raɓawa ya wuce. Cewa yake, "Wurin da za a sa mutum barci a yanka shi bai sani ba, ina alheri a ciki?"

A daminar shekarar da aka fara yaƙin basasa, Ɗahiru yana saurayi ɗan kimanin ashirin, ya je Kurmi yi wa wani mai sayar da kanwa aski. Yana cikin wanke aska sai ya ji ihu. Wani ɗan dako ne santsi ya kwashe da buhu a ka, ya faɗi, ƙeyarsa ta daki bakin dakali. Jini ya ɓalle kamar an yanka rago. Mutane suka yi cincirindo, kowa na salati, ba mai taɓa shi. Ɗahiru ya fizgo ƙyallen da yake yafa wa masu aski, ya ninka, ya danne ciwon da tafin hannunsa. Aka samo amalanke aka ɗora mutumin. Masu turawa suka ce sai asibiti, shi kuwa ba halin ya ɗage hannu, don haka ya bi su da sassarfa har Ƙofar Mata. Ranar ce ya fara taka ƙafarsa cikin asibitin.

Ya tarar da wurin cike maƙil, ma'aikata kuwa 'yan tsiraru, don da yawa daga cikinsu 'yan Kudu ne, kuma rikicin ƙasa ya sa sun koma garuruwansu. A ɗakin ɗaurin ciwo mutum ɗaya ne ke fama da jama'a, wani malamin asibiti gajere mai tumbi da babbar murya, mutumin Yakasai, ana ce masa Malam Mailafiya. Ya dubi ciwon, ya dubi zabirar da ke kafaɗar Ɗahiru.

"Kai mai zabira, wanzami ne?"

"Ɗan wanzami ne, Malam."

"Ɗan kada ai ba a koya masa iyo. Aske mini gefen ciwon nan in ɗinke. Amma tsoma askarka cikin ruwan can tukuna."

Ɗahiru ya tsoma aska cikin wani ruwa mai kaifin wari, ya share gashin da ke kewaye da ciwon tas, bai ko motsa fatar da ta tsage ba. Sannan ya tsaya yana kallo. Malam Mailafiya ya ɗauko wata lanƙwasasshiyar allura da zare, ya haɗa bakin fatar, ya ɗinke ta kamar yadda baduku ke ɗinka jaka. Jinin ya tsaya. A gida, ciwo irin wannan sai dai a cusa garin magani a ɗaure, a koma addu'a. Can ɗan dakon ya buɗe ido, ya shafa kansa, ya ce, "Ina gammona?" Duk ɗakin aka kwashe da dariya.

Da Ɗahiru zai tafi, Malam Mailafiya ya riƙo hannun rigarsa. "Na ga jini bai sa ka kau da kai ba. In kana da sarari gobe, ka leƙo. Hannu muke nema."

Ya leƙo goben, ya kuma leƙo jibi. In ya gama zagayen askinsa na safe sai ƙafa ta ja shi Ƙofar Mata. Da aka yi 'yan makonni a haka, Malam Mailafiya ya kai shi gaban manya, aka ce za a ɗauke shi ma'aikacin ɗakin maza masu jiran tiyata. Saura faɗa wa Malam Ɗantani.

Bayan la'asar ya same shi a zaure yana wasa aska a kan dutse. Ya durƙusa daga gefe.

"Baba, an ce za a ɗauke ni aiki a asibiti."

Malam Ɗantani bai ɗago ba. "Aikin me?"

"Hidimar marasa lafiya. Da aski, in za a yi wa mutum aiki."

"Da kwasar kashi."

"Har da shi, Baba."

Tsohon ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa. Sannan ya ce, "Mu gidan nan, mai rawani ma sai ya tuɓe rawaninsa ya sunkuyar mana da kai. Kai kuma ka zaɓi ka je ka sunkuya wa fo. To, ba zan yi maka baki ba. Ajiye zabirar."

Ɗahiru ya sauke ta daga kafaɗa. A gabansa uban ya kira Abdulhakim, ƙanen Ɗahiru, ya miƙa masa. Wannan ya fi yi masa ciwo a kan duka. Ya shiga cikin gida idonsa jawur. 'Yardada tana tankaɗe, kuma ta ji komai. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Ta ce wa rariyar da ke hannunta, "Mai gidan nan tukunyar ƙasa ne, ba ya saurin zafi, ba ya saurin hucewa. Wanda zai je jinyar bayin Allah ya je. Allah ya yi albarka."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Shara da wankin ɗaki da ruwan magani, tafasa almakashi da allurai a babbar tukunya, juya wanda ba ya iya juyawa, tura gadon marasa lafiya zuwa tiyata a dawo da su suna sambatun allurar barci. Fo kuwa ya kwashe shi har ya daina jin komai. In za a yi wa mutum aiki, shi ke aske wurin da za a tsaga, kuma sannu a hankali sauran ma'aikata suka koma suna kallon yadda yake kwantar da aska, suna kwaikwayo.

Abin da ya fi ba shi suna a ɗakin shi ne bakinsa. Wanzami ya saba da mutumin da ke tsoron ƙarfe. Baƙauye zai zo daga Gezawa ko Rano, gwaiwa ta hana shi noma shekara da shekaru, amma da ya ji an ce gobe tiyata sai ya fara naɗe tabarmarsa. Ɗahiru zai zauna a bakin gadon, ya tambaye shi labarin damina, da ko gero ya yi, da nawa ne 'ya'yansa. Daga nan ya kira wani da aka yi wa aikin makon jiya ya ce, "Malam, ɗaga rigarka ya gani." Mutum ya ga ɗinki ya kame, ya ga mai ɗinkin yana shan fura, sai ya warware tabarma. Wanda kuma kwanansa ya ƙare, Ɗahiru ba ya barinsa shi kaɗai. Zai juya shi ya fuskanci alƙibla, ya riƙa maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Labarin haka ya shiga lungunan birni, ya rage wa mutane wani babban tsoro, don da yawa abin da suke gudu ke nan, a ce nasu ya cika ba mai tuna masa.

A gida kuwa shiru. Kullum da safe zai durƙusa ya gai da uban, uban ya amsa, shi ke nan. An yi masa aure da Nana, 'yar wani maɗinki a Dukawuya, an haifi 'yarsu Luba, Malam Ɗantani da kansa ya yi wa jaririyar askin suna. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa "ya aiki?" ba. In Ɗahiru ya shigo zaure da warin maganin asibiti a jikinsa, tsohon sai ya jawo carbi.

Ana nan, wata bazara, fitsari ya tsaya wa Malam Ɗantani. Da ma ya jima yana fama a ɓoye, yana shan jiƙe-jiƙensa. Ranar dai abin ya ƙi gaba ɗaya. Aka kawo saiwa, aka kawo rubutu, aka gasa marar da tsumma mai ɗumi, ko ɗigo. Kafin azahar ta kashegari mara ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, mutumin da ba a taɓa jin nishinsa ba yana cizon matashi. Abdulhakim ya hau keke ya je ya kira yayansa.

Ɗahiru ya durƙusa a bakin gado. "Baba, ku yi haƙuri mu je asibiti. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Yanzu za a sauke muku shi."

"A nan ubana ya mutu," in ji tsohon, gumi na tsiyaya a gemunsa. "A nan zan mutu."

Sai ga muryar 'Yardada daga bakin ƙofa, ita da ba ta ɗaga murya a gaban miji. "Malam, shekara nawa kana cewa yaran mutane su daure wa aska? Yau kai aka ce ka daure. In ka mutu a kan taurin kai, me za ka ce wa Ubangijinka?" Ta juyo wajen ɗanta, karo na farko ta dube shi ido cikin ido. "Kai, ɗauki ubanka."

Lungun ba ya shigar mota. Ɗahiru ya goya uban a baya, ya ratsa da shi ta gaban masu zaman dakali har bakin titi, inda Abdulhakim ya tsayar da tasi. Tsohon ya ƙanƙame wuyan ɗansa.

A asibiti Ɗahiru ya shimfiɗa shi a gado, ya ja labule, ya fita waje, don ba ya yiwuwa ɗa ya tsaya a kan tsiraicin ubansa. Malam Mailafiya ne ya sa masa robar fitsari. Daga bayan labule Ɗahiru ya ji wani dogon numfashi, sannan ya ji uban yana cewa, "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ashe duniya da daɗi." Ɗahiru ya zauna a ƙasa a nan barandar ya rufe fuska.

Likita, wani ɗan Pakistan mai furfura, ya ce sai an yi aiki, in ba haka ba abin zai dawo. Ga mamakin kowa, tsohon bai yi musu ba. Da safen da za a shiga da shi, Malam Mailafiya ya zo da aska ya yi masa sharar wurin. Malam Ɗantani yana kwance yana bin hannunsa da ido, har dai ya kasa haƙuri.

"Kai, wa ya koya maka riƙon aska? Wannan ai riƙon gidanmu ne."

"Ɗanku ne, Baba. Duk ɗakin nan shi ya gyara mana hannu. Da can sai mun yi wa mutum tsaga kafin likita ya yi tasa."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya kau da kai. Ɗahiru ne ya tura gadon har ƙofar tiyata, kamar yadda ya tura ɗaruruwa.

Aiki ya yi kyau. Malam Ɗantani ya yi kwanaki a ɗakin, kuma yana kwance yana kallon komai: yadda ɗansa ke ɗaga wani tsoho ya ba shi ruwa, yadda wani Bafillace da ya ƙi cin abinci ya karɓa daga hannunsa, yadda kowane gado ake kiran "Malam Ɗahiru". Ranar da za a warware ɗinki, tsohon ya roƙi likita ya nuna masa allurar da zaren. Ya juya su a hannu, ya sa aka ba shi madubi ya duba tabon, ya ga layi ɗaya miƙaƙƙe ba karkata. Ya kaɗa kai ya ce wa Malam Mailafiya, "Gaya wa likita na ce shi ma wanzami ne. Askarsa ce dai ta yi karatu." Da aka fassara wa likitan, ya yi dariya har ya cire tabarau.

Da yammar ranar, Ɗahiru ya zo wucewa, sai uban ya shafa kansa da ya yi tsiro ya ce, "Kai, zo nan. Kaina ya yi gashi." Tun rasuwar wansa da ke yi masa aski a da, Malam Ɗantani bai taɓa ba wani kansa ba, da hannunsa yake aski. Ɗahiru ya kawo ruwa da sabulu. Tsohon ya cire hula, ya sunkuya. Masu jinya da 'yan dubiya suka zuba ido suna kallo. Da aka gama ya shafa ko'ina bai ji saura ba, ya ce, "Hannun bai lalace ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ya aikin?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"To, a riƙe amana."

Malam Ɗantani ya ƙara shekaru masu dama a duniya bayan wannan. Ya zama in an kawo masa abin da ya ga ya fi ƙarfin ƙaho, sai ya ce, "Ku kai shi Ƙofar Mata, ku ce ni na turo ku wurin yaron nan."

Ɗahiru ya ga asibitin ya sake kama a gabansa. Yana nan aka canza masa suna aka koma kiransa Asibitin Murtala, ko da yake shi bakinsa ya riga ya saba, har yau asibitin birni yake cewa. Ya ga an rushe tsofaffin ɗakuna an ta da benaye. Ya ga likitoci 'yan ƙasashen waje suna raguwa, yaran Kano suna maye gurbinsu, har da wanda ya taɓa riƙe wa ƙafa ranar kaciya. Ya ga matan cikin gari, waɗanda iyayensu suka gwammace su haihu a bayan ɗaki, suna layin awo tun da sassafe. Ya ga shekarun amai da gudawa da na sanƙarau, lokacin da gadaje suka ƙare aka shimfiɗa tabarmi a baranda, aka rataya ledar ƙarin ruwa a jikin taga, ma'aikata suka manta da hanyar gida. Wurin da a da ake lallashin mutane su shigo, ya zama ƙofarsa ba ta rabuwa da cunkoso, daga birni, daga ƙauyuka, har daga Nijar. Malam Mailafiya ya yi ritaya, ya rasu, Ɗahiru na cikin waɗanda suka yi masa wanka.

Da cutar ƙanjamau ta shigo, likitoci suka fara bayani cewa aska ɗaya in ta taɓa jinin mutum biyu tana iya ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa wancan. Ɗahiru ya ji maganar ta tsaya masa a rai, don a lokacin Abdulhakim ne ke riƙe da gidan wanzamai, kuma a hunturu ɗaya yakan yi wa yara masu yawa kaciya da aska guda. Ya same shi a zauren nan dai.

"Abdulhakim, daga bana kowane yaro da sabuwar rezarsa. In an gama a jefa a masai."

Ƙanen ya ɓata rai. "Yaya, askar Baba ce fa. Da ita aka yi maka, da ita aka yi mini. Wa ta taɓa kashewa?"

"Lokacin babu wannan cutar. Zo ka gani da idonka."

Ya kai shi asibiti, ya roƙi wani likita ya zauna da su a gindin darbejiya ya yi masa bayani da Hausa dalla-dalla. Abdulhakim ya yi ta tambaya, ya yi ta gardama, likitan bai gaji ba. A hanyar komawa gida, da suka zo daidai babban masallaci, sai ya ce, "In ni kaɗai na canza, sauran fa?" Abdulhakim ɗin da kansa ya bi gidajen wanzaman Mandawari da Yakasai da Dukawuya yana gayyato su. Ranar da suka taru a gindin bishiyar, tsofaffi da zabirori a kafaɗa, likitoci da fararen riguna, kowa a kan tabarma ɗaya, Ɗahiru ya tsaya a tsakiya yana yi wa kowane ɓangare fashin baƙin maganar ɗaya. Ba duka suka yarda a ranar ba. Amma a hunturun shekarar, iyayen yara a unguwarsu suka fara zuwa gidan wanzamai kowa da rezarsa a takarda. In ka tambayi Ɗahiru abin da ya fi alfahari da shi a aikinsa, wannan zaman yake fara ambata.

Ya yi ritaya gemunsa fari fat. Kafin nan 'yarsa Luba ta gama makarantar ungozoma ta kama aiki a ɗakin haihuwa na asibitin, yanzu ma ita ce babba a wurin. Shi kuma zaurensu ya zama kamar ƙofar asibiti ta biyu. Wanda aka rubuta wa tiyata yana tsoro, wanda bai san inda ake yankar kati ba, matar da mijinta ya ƙi yarda a ƙara mata jini, duk wurinsa ake zuwa. Zai ɗauki sandarsa ya raka su, ko ya zauna da mijin har ya sauko.

Shekarun baya kaɗan, yanar ido ta rufe masa gani. Ya fara kasa gane fuska sai an yi magana, ya daina iya karanta Alƙur'aninsa. Luba ta kai shi aka duba, aka ce aiki ne ƙarami, a cire yanar. Sai ga Malam Ɗahiru yana kawo dalilai. Yau zafi ya yi yawa, gobe bari azumi ya wuce tukuna, jibi ai ɗaya idon yana ɗan gani. Matarsa Nana ta gane shi sarai.

"Malam, tsoro kake ji."

"Ni? Ni da na tura mutane tiyata fiye da gashin kaina?"

"Turawa daban, hawa gadon daban," in ji ta.

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi ido ne, Nana. Ko'ina a taɓa, amma ido?"

Luba ba ta yi masa gardama ba. Ta sa ranar, ta zo da adaidaita sahu har bakin lungu, ta ce, "Baba, ku tashi, likita na jiranmu. Na riga na faɗa wa mutanenku kuna zuwa, in ba ku je ba ni za su tambaya." Jin haka ya nemi hularsa.

Mutanen nasa kuwa suna nan. Labari ya zaga cewa Baba Ɗahiru ne za a yi wa aiki. Wani ma'aikaci mai suna Sule, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu shi ma da furfurarsa, ya ce ba mai tura shi a keken marasa lafiya sai shi. Nas-nas suna leƙowa suna gaisuwa, wasu ma labarinsa kawai suka sani. Likitar idon yarinya ce 'yar Yakasai. Ta ce masa kakarta ta sha ba su labarin wani ma'aikaci da ya hana kakansu guduwa daga asibiti ana gobe za a yi masa aiki. Ɗahiru ya ce bai tuna ba, don masu guduwar suna da yawa. Ya kwanta yana ta salati a zuci, hannunsa damƙe da gefen gado. Kafin ya gama shirin jin zafi aka ce an gama.

Washegari aka cire bandeji. Haske ya fara dukansa, ya runtse, ya sake buɗewa. Ga Luba a tsaye cikin fararen kaya, har yana ganin zaren da ya zazzago a bakin hijabinta. Ya dube ta da kyau ya ce, "Ke, yaushe kika yi furfura?" Ta ce, "Baba, tun kuna cewa zafi ya yi yawa."

Bai yarda an kai shi gida kai tsaye ba. Ya ce Sule ya zagaya da shi. Suka bi baranda bayan baranda, yana nuna inda tsohon ɗakin ɗaurin ciwo yake, inda ake tafasa kayan aiki, inda ɗakin maza yake kafin a ta da bene a wurin. Wasu wuraren ya gane, wasu sai da ya tsaya ya yi tunani. Jama'a na ta kai da kawo, masu kwanukan abinci, masu jarirai a goye, ɗalibai da littattafai a hammata. Ya ce wa Sule, "Ka ga duk wannan? Da hannun mutane aka yi shi. Wasu ko sunansu ba a sani ba yanzu." Sule ya ce, "Mu dai mun san naku."

Yanzu Malam Ɗahiru ya doshi tamanin. Ya koma karatunsa na safe ba tare da an riƙe masa layi ba. Ƙafa ta yi rauni, don haka ya rage rakiya, sai dai ya kira Luba ko Sule a waya ya ce ga wane nan tafe, a duba shi. Amma duk ranar Alhamis jikansa na ɗaukarsa a babur zuwa Ƙofar Mata. Yakan sayi lemo da ayaba a bakin ƙofa, ya hau ɗakin maza a hankali yana hutawa a kan matakala, ya tambayi nas wane ne ba a zo dubawa ba a makon. A bakin gadon wannan yake zama har a kira la'asar.